Saƙon Tungar Baure

Wata bakwai na yi a Yanbu, wani garin Larabawa da ke bakin teku, kuma duk tsawon lokacin ta tagar banɗaki kawai nake hango teku. Mutumin da ya shirya mini takardu a gida cewa ya yi kamun kifi zan je yi. Ya tambaye ni ko na iya ruwa, na yi dariya, domin a wata tungar masunta kusa da Yawuri aka haife ni, tun ban kai tsayin filafili ba nake bin mahaifina cikin jirgi. Ya ce to shi ke nan, jiragen Larabawa irina suke nema. Da na sauka aka karɓe fasfona tun a cikin mota, aka wuce da ni wani dogon gini inda ake yin ƙanƙara. Aikina shi ne in jawo buhunan ƙanƙara daga ɗakin sanyi in loda wa motocin da ke zuwa bakin teku. Jirgi kam ko ɗaya ban taka ba.

Mu goma ne a ɗakin kwana, babu mai jin Hausa sai ni. Kafin wata biyu hannuwana sun tsattsage, ko alwala zan yi sai na cije leɓe. Akwai wani Bangali mai furfura da gadonsa ke saman nawa. Wata safiya ya kama hannuna ya juya shi, ya girgiza kai, ya zare safar hannunsa ta roba ya ba ni, shi kuma ya naɗe nasa hannun da tsumma. Har na bar wurin ban san sunansa na gaskiya ba, kowa Hajji yake ce masa.

Da na harhaɗa 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta, na tari kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa. Na dafa ƙirjina na ce masa ni masunci ne, na nuna masa wajen teku. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Kifi kake so? Tayyib, za ka ga kifi."

Bayan kwana shida aka sa ni a motar ƙanƙara, gefen direba, aka nufi Madina da ni, shagon kifin ƙaninsa.

Ba zan ɓoye ba, da direban ya nuna mini hasumiyoyin Harami daga nesa sai da na yi hawaye. Mahaifiyata ta rasu da burin ganin garin nan, ga ni na shigo shi da ƙarni a riga. Shagon yana unguwar Azizya, tsakanin mai wanki da mai gyaran waya. A ɗakin da aka ba ni a samansa na tarar da Adamu, mutumin Chadi, mai raba tukwanen gas a mota. Shi ya fara yi mini Hausa bayan wata bakwai. Rabinta Larabci ne, amma ji na yi kamar an sauke mini kaya. Shi ya nuna mini bas ɗin Harami, ya kuma ja mini kunne kada in tsallaka ko titi ba tare da iƙama ba, katin zama a ƙasar.

Daga safe har yamma ina tsaye gaban teburin ƙarfe, ina kankare ɓawo, ina farke ciki, ina yanka. Garin babu kogi, babu gulbi, babu ko ƙorama, sai baƙaƙen duwatsu da rana. Idan na kira matata Hauwa nakan ce ta matsa bakin ruwa, in yi shiru ina sauraro, har sai ta ce, "Labbo, kana nan kuwa?"

A shagon na fara ganin kifin da suke kira salmun. Cikin akwatunan farin soso yake zuwa, ta jirgin sama, daga ƙasashen sanyi. Bayansa kamar azurfa, in ka tsaga shi namansa ja ne kamar cikin gwanda. Kifi ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai duk kifin da na taɓa yankawa a rayuwata na san ruwan da ya fito, wannan kuwa ban san ko ruwan nasu gudu yake ko tsaye yake ba.

Akwai wani mutum da ke zuwa duk Alhamis da la'asar ya sayi gunduwa huɗu. Baƙi ne kamata, dogo, cikin farar jallabiya, Larabci kawai yake yi, don haka ban taɓa kawo komai a raina ba. Wata Alhamis wuƙa ta kuɓuce ta shafe ni a yatsa, na yi tsaki na ce, "Wuƙar nan ba ki da mutunci." Sai na ji ya ce a hankali, yana ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Kai Bahaushe ne?"

Na ce e. Ya ce sunansa Faisal, a nan aka haife shi, a matatar mai ta Yanbu yake aiki, ƙarshen mako yake dawowa gida. Yana jin Hausa, amma idan zai mayar sai Larabci ya riga ta fitowa. Ya tambayi garinmu, na faɗa. Ya tambayi sana'ata a can, na faɗa. Sai ya ajiye ledar kifin a kan tebur.

"Ya akhi, ɗan'uwana, in tambaye ka. Mene ne kawara?"

Fiye da shekara ke nan ban ji kalmar a bakin kowa ba. Na ce masa wani ɗan farin kifi ne, bai wuce tafin hannu ba. Da damina yakan bi ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai, da kaka in ruwa ya fara janyewa sai ya taso garke-garke yana komawa kogi, har saman ruwan ya riƙa ƙyalli. Lokacin ne maza ke jifa, mata na suya, tunga duka ta ɗauki ƙamshi.

"Ashe da gaske kifi ne," in ji shi. "Na tambayi 'yan uwanmu da yawa a nan. Wani ma cewa ya yi sunan jiha ce a Nijeriya."

Sannan ya ba ni labarin mahaifinsa. Baba Idi ya baro gida yana ɗan shekara goma sha ɗaya, tare da iyayensa, ta ƙasa suka biyo, ta Chadi da Sudan. Iyayen ba su koma ba, a nan aka binne su. Shi ya zama tela, ya fi shekara hamsin yana ɗinki, da Larabci ya yi aure, da shi ya reni 'ya'yansa. Shekara biyu da suka wuce tsufa ya fara taɓa masa kai. Larabcin ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare, sai wata Hausa ta fito wadda 'ya'yansa ba su taɓa jin ya yi irinta ba. Kullum maganarsa ɗaya: ruwa ya janye, kawara ta taso, a buɗe masa ƙofa. Abinci kuma ya kusa daina ci.

"Ka zo ka gan shi, ko sau ɗaya ne," Faisal ya ce. "Don Allah."

Ranar Juma'a kaɗai nake da rabin yini. Bayan an sauko daga masallaci ya zo ya ɗauke ni, muka nufi unguwarsu, Ƙuba. Da danja ta tsayar da mu ya miƙo mini wayarsa. Shi ne a hoto, yana saurayi, tsaye cikin wani kogi ruwa har cinya, itatuwan bayansa sun yi ja da rawaya kamar an cinna musu wuta, ya rungume salmun mai tsawon hannu. Ya ce lokacin yana karatu ne a ƙasar sanyi. Da kaka kifin ke barin teku ya hauro kogi yana tsallake duwatsu, mutane su tsaya masa da sandar fatsa tun safe, sanyi na cin ƙafafunsu.

"Yini guda kifi nawa?" na tambaya.

"Wata rana ɗaya. Wata rana babu."

"Wannan fa, ku nawa kuka cinye shi?"

"Sakinsa na yi. Dokar kogin ke nan."

Na mayar masa da wayarsa ina girgiza kai, shi kuwa ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce da mahaifinsa ya fara zancen kaka da kogi ya ɗauka ya gane abin da yake nufi, tunda shi ma ya taɓa tsayawa cikin kogi da kaka. Shi ya sa yake sayen salmun. Tsohon yakan shinshina ya ture farantin.

Gidan tsoho ne, a bayan wani lambun dabino, ƙofarsa da makulli biyu. Faisal ya ce sau uku mahaifinsa yana ficewa, na ƙarshe a tashar bas aka same shi ba takalmi, yana tambayar mutane hanyar gulbi. Ƙanwar Faisal, Maryam, ita ke jinyarsa. Muryarta kawai na sani, daga bayan labule.

Yana zaune a kan darduma ya zuba wa ƙofa ido, ɗan siriri, hularsa a karkace. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da Juma'a." Ko kallona bai yi ba. Na ce ina gajiya, shiru. Sai na yi masa gaisuwar da muke yi wa wanda ya fito daga jirgi.

"Baba, ya ruwa?"

Ya juyo. Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a hannuwana.

"Ruwa ya janye," ya ce. "Yaya Audu, ina kat tahi? Tun yaushe nike jiranka."

Irin Hausar kakata ce, wadda ko a tungarmu ta fara ɓacewa. Na waiwayi Faisal. Ya sunkuyo ya raɗa mini cewa Audu wan mahaifinsa ne, shi aka bari a gida ya kula da jirgi, a kan za su dawo bayan shekara biyu. Ba su sake ganinsa ba.

"Ka amsa masa," ya ce. "Na roƙe ka."

Abu ne da ba a yi a wurinmu. Mutum sa'an kakana in kira sunansa gatsau, kuma in amsa sunan da ba nawa ba, a garin Manzon Allah. Amma hannunsa ya riga ya kama gefen rigata.

"Ga ni, Idi," na ce. "Na zo."

Aka kawo shinkafa da salmun. Ya ce ba ya ci sai Yaya ya sa hannu. Na sa. Ya gutsuri kifin ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Wanga ba na gulbinmu ba ne."

Na ce baƙo ne ya kawo mana, mu ci kada ya ji kunya. Loma bakwai ya yi. Na san adadin ne don daga bayan labule ina jin Maryam tana ƙirgawa a hankali da Larabci.

Muna wanke hannu ya ce, "Tungar Baure lahiya?"

Na san Tungar Baure, ko in ce na san samanta. Tun kafin a haife ni aka datse kogin, ruwa ya hau ya cinye garuruwa da yawa, aka kwashe mutanensu aka warwatsa a tudu. Tungar Baure na cikinsu. Mahaifina yakan nuna mini wurin da filafili ya ce kada in jefa raga a nan, itatuwan garin suna ƙasa, yagewa za ta yi.

"Lafiya lau," na ce.

A mota na gaya wa Faisal gaskiya. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ya ce, "Na taɓa yi masa alkawarin zan kai shi." Sannan ya hau titi muka tafi.

Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu, har na ce wa Adamu, "Ni fa ƙarya na je na yi wa tsoho."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

"To je ka tambayi malamai in kana so. Ni dai da ubana ne, da roƙonka zan yi ka koma."

Daga nan Juma'ata ta zama ta Ƙuba. Na lura hannuwan tsohon ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna lalube a kan darduma, sai na ce wa Faisal ya samo mana zaren raga da dalma a Yanbu. Na fere allurar saƙa daga reshen dabino, na fara saƙa birgi, ragar nan mai da'ira da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa kamar laima. Ban yi layi uku ba ya fizge allurar.

"Wa ya koya maka wanga ƙulli? Kihi guda zai kwance shi."

Mutumin da ba ya iya sa maɓallin rigarsa, sai ga yatsunsa suna gudu cikin zare. Ƙullinsa ya bambanta da namu, sau biyu yake zagayawa, kuma shi nake yi har yau. Yana saƙa yana ba ni labarin abin da ya same su bayan sun bar ni, wato bayan sun bar Audu: shekara biyun da suka yi suna tsinkar auduga a Sudan, da jakin da ya mutu musu a hanya, da jirgin katakon da ya haye da su teku, inda ya ɗanɗana ruwan ya tofar ya ce wa Inna wannan ba ruwa ba ne. Faisal bai taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Tun da aka fara birgin tsohon bai sake zuwa ƙofa ba. In ya tashi da safe sai ya ce a miƙo masa aikinsa.

Faisal yakan zauna a gefe da wayarsa yana rubuta kalmomi da haruffan Larabci, dalma, filafili, gulbi, taru. In ya gwada sa baki, sai tsohon ya dube shi ya dube ni.

"Yaya, wanga baƙo wane ne? Kullum yana nan, Hausarshi kamar mai tauna tsakuwa."

Faisal yakan yi dariya ya tashi ya ce bari ya kawo shayi. Shayin yakan daɗe bai zo ba.

Haka muka ci watannin zafi duka. Muna gab da ɗaura dalma Hauwa ta kira ni da hantsi, lokacin da ba ta saba kira ba. Mahaifina ya faɗi a bakin ruwa yana jan jirgi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ba ta fita. Ni kaɗai ne namiji a 'ya'yansa. Na je wa mai shago, ya kira wansa, kafilina, ya sa wayar a amsa-kuwwa don in ji da kunnena. Kafilin ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma kwantiragi sai ya cika, saura wata tara. Fasfona yana durowarsa a Yanbu.

Ban gaya wa kowa ba. Juma'ar nan ina ɗaura dalma ina kuskure, tsohon na yi mini faɗa. Da Faisal zai mayar da ni ya ƙi tayar da mota.

"Me ya same ka yau?"

Na faɗa masa. Na san abin da yake tunawa, don ni ma shi nake tunawa: makullin nan biyu, da farantin da ake turewa. A makon da ya wuce ma ya fara yi mini maganar zai nemi a mayar da kafalata hannunsa, in bar shago in dawo gidansu gaba ɗaya.

"Babanka yana gane mutane?" ya tambaya.

"Hauwa ta ce in an ambaci sunana yana juyo da ido."

"Halas," ya ce. "Ka tafi tun yana juyowa."

Sau uku ya je wurin kafilin. Na farko aka ba shi gahawa aka sallame shi. Na biyu suka ɗaga wa juna murya. Na uku ya tafi da wani abokinsa da ya san dokar ma'aikata, wanda ya tuna wa mutumin cewa riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne, kuma aikin da ke rubuce a takardata ba shi nake yi ba. Wata Alhamis Faisal ya shigo shago kamar kullum, ya sayi gunduwarsa huɗu, ya ajiye mini ambulan a gefen sikeli. Fasfona ne da takardar fita.

Saura kwana biyar in tashi aka yi ruwan sama, irin wanda ban taɓa gani ba tun zuwana. Yini guda ana zuba shi, tituna suka cika, mutane suka fito ƙofar shaguna suna ɗaukar hoto. Bayan kwana biyu Faisal ya kira ni. Wani abokinsa yana da gonar dabino a bayan gari, gefen wani kwari da ya shekara a bushe. Ruwa ya biyo kwarin, ya ci bakin tafkin da suke kiwon kifi a gonar, kifayen suka bi shi. Yanzu ƙarfin ruwan ya wuce, ya bar doguwar ƙorama tana gudu a hankali, gobe ko jibi za ta ƙafe.

"An gama birgin?"

"An gama."

"To ka shirya, za mu kai shi kogi."

Muka sa Baba Idi a gaban mota, birgin a cinyarsa. Ruwan ja ne, bai kai gwiwa ba a yawancin wurare, faɗinsa bai wuce jifan dutse ba. A gida ba za mu kira shi kogi ba. Amma yana gudu, yana ƙamshin laka, kuma iska mai sanyi na busowa ta kansa. Tsohon ya cire takalmi da kansa. Muka riƙe shi dama da hagu har ruwa ya rufe masa idon sawu. Ya daɗe a tsaye, yatsun ƙafarsa na nutsewa cikin laka.

"Ya janye ƙwarai bana," ya ce.

Ya yi ƙoƙarin ɗaga birgin, nauyin dalma ya fi ƙarfinsa, ya miƙo mini. Na naɗa igiya a wuyan hannu, na ɗora gefe ɗaya a kafaɗa, na juya na saki. Kusan shekara biyu rabona da jifa, amma ya buɗe sosai ya sauka a baje. Na jawo. Karfasa biyar ne, ƙanana, suna ta tsalle. Tsohon ya tsuguna ya zaɓi biyu mafi ƙanƙanta ya mayar da su ruwa.

"Ka gani?" Faisal ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Ba mu kaɗai ke saki ba."

Baba Idi bai ce ba kawara ba ce. Ya riƙe ɗaya kusa da hancinsa yana murmushi.

Na ce wa Faisal ya gwada. Ya tattare jallabiya, ya yi yadda na nuna masa, ya juya ya saki. Birgin ya faɗa a dunƙule kamar an jefa ƙullin wanki, ruwa ya fantsamo mana. Tsohon ya yi tsaki.

"Yaya, ɗan nan nawa bai iya komi ba. Koya mishi."

Faisal ya tsaya cik, igiya a hannu, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Abuya, wa kake nufi?" ya tambayi mahaifinsa da Hausa.

"Kai mana. Ina da wani ɗa a nan? Ɗago kahwaɗarka."

Ya ɗago kafaɗar. Ya fi jifa goma ranar, kuma bai juyo mana da fuskarsa ba ko sau ɗaya. A na ƙarshe ragar ta buɗe rabi, ta kawo karfasa guda. Muka gasa su a bakin ruwa da busassun rassan dabino daga rumfar gonar. Tsohon ya cinye biyu, ya tsotse ƙaya.

A nan na gaya masa. Na ce, "Idi, zan koma tunga. Na bar jirgi ba kowa." Na yi zaton zai riƙe ni. Sai ya gyaɗa kai kamar abin da ya dace ne na faɗa.

"Tahi, kada rana ta tsaga shi." Ya fara lissafawa da yatsu. "Ka gaida Gwaggo Tani. Ka gaida Malam Na-Allah mai sassaƙa. Ka gaida Ladi, ka ce mata ban manta da ƙwaryarta da na hwasa ba. Ka ce musu muna nan tahe, Baba ya ce da an sauko Arfa."

Na maimaita sunayen har ya gamsu. Birgin na bar wa Faisal.

Na tarar da mahaifina da rai, kuma ya gane ni. Bakinsa ya karkace, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito, galibi ma ba ta fitowa. Na yi mako uku ina juya shi, ina yi masa wanka, ina ba shi labarin tafiyata kaɗan-kaɗan. Ranar da na zo kan Tungar Baure da saƙon da aka ba ni, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa. Hauwa ta ce ba a fita da mara lafiya kan ruwa. Ya ci gaba da nuna ƙofar har ta gaji ta je ta ɗauko masa bargo.

Muka shimfiɗa masa tabarma a cikin jirgi, na jingina shi da buhun raga. Tafiyar ta kai awa guda da filafili. Shi ya riƙa nuna hanya da yatsa, har muka zo inda ya buɗe tafin hannunsa, na tsaya. Babu komai a wurin sai ruwa a shimfiɗe, da kan wani busasshen itace da ya leƙo, tsuntsu na kansa. Waya tana kamawa da ƙyar. Juma'a ce, na san suna tare, na kira Faisal. Na ji yana cewa, da Hausarsa da ta fara laushi, "Abuya, ga Yaya Audu. Ya isa."

"Ka isa?" in ji tsohon. "Suna nan?"

"Suna nan," na ce.

Na juya wayar ta fuskanci ruwa, na ɗaga murya yadda ake sallama a ƙofar gida.

"Gwaggo Tani, Idi na gaishe ki. Malam Na-Allah, Idi na gaishe ka. Ladi, Idi na gaishe ki, ya ce bai manta da ƙwaryarki ba. Ya ce suna nan tafe."

Ta wayar ina jin numfashin tsohon, yana jira. Sai na ji motsi a bayana. Mahaifina ya dafa gefen jirgi da hannunsa mai lafiya, ya ɗago kai, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Ya yi fama, ya huta, ya sake yin fama.

"Muna... amsawa," ya ce.

Na mayar da wayar kunnena.

"Ka ji?" na ji tsohon yana ce wa ɗansa. "Sun amsa."

Na gyara wa mahaifina bargo, na goge masa baki, na juya kan jirgin muka nufi gida.